Sharo Cikin Ruwan Bagaja

Masu nazarin Ruwan Bagaja, wanda Alhaji Abubakar Imam ya rubuta domin gasar 1933 aka buga a 1934, sun saba karkata ga tushensa, watau Alfu Laila da hikayoyin Larabawa. Lalle aljannu suna ciki, da ruwan da babu mai samunsa sai ya ƙetare duniyar 'yan Adam. Amma a ganina ba almarar ce ke riƙe yara ga littafin ba. Abin da ke riƙe su shi ne tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman.

A duba karonsu na farko. Alhaji, wanda ba shi da karatu, ya zana alama a ƙasa. Zurƙe, malami na gaske, ya karanta ta da sunan harafi. Alhaji ya ce ai jinjirin wata ne, jama'a kuwa suka bi bayan jahili, aka kori malami. Zurƙe bai kai ƙara ba. Ya haɗiye, ya jira ranarsa, sa'an nan ya rama a wani gari, Alhaji kuma ya sake ramawa.

Wanda ya tashi wajen Runka, a bakin Dajin Rugu inda Fulani suka daɗe da zama, zai gane wannan tsari nan take, don shi ne na sharo. Saurayi ya buɗe ƙirji a zuba masa bulala, ba ya motsi, domin ya san bashi ne za a biya. Wanda ya doke ka ba maƙiyinka ba ne, tsaranka ne. Saboda haka sulhun da suka yi daga baya ba ƙari ba ne da marubuci ya liƙa, kamar yadda mai karatu zai iya zato. Tun bugun farko aka ƙulla shi.

Inda littafin ya raunana kuwa shi ne inda Zurƙe ya ɓace. Da Alhaji ya shiga ƙasar aljannu sai dariya ta ragu, ga abin mamaki bisa abin mamaki, ba mai ramawa. Malamin da ke karantar da shi a kwalejin horon malamai ya gwada: ya sa ɗalibai su ƙidaya ramuwar, su faɗi wanda ake bi bashi ranar da aka shirya.