Ruwa ɗaya, aiki uku

A gidan gwaggona da ke unguwar Birni, cikin Damagaram, ba a rufe famfo in za a kwanta. A buɗe ake barinsa, a ajiye tsohon kwanon silba a ƙarƙashi. Can wajen ƙarfe biyu ko uku na dare, idan gari ya yi tsit kuma masu ɗiba sun ragu, sai famfon ya fara huci, ya yi tari, sannan ɗigon farko ya faɗa kwano, ƙwal! Wannan ƙarar ce agogon Gwaggo. Kafin na biyu ya faɗo ta riga ta ɗaura zane tana taɓa jikanyarta: "Ke 'yar nan, tashi, baƙonmu ya zo."

Hausawa suna cewa ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Wanda ya fara faɗin haka bai tona a Damagaram ba. Manyan duwatsun nan da suka yi wa Birni kwarjini, danginsu ne shimfiɗe a ƙarƙashin gari, ruwa ba ya samun wurin kwanciya. Na sama kuma wajen milimita 400 ne a shekara, galibinsa tsakanin Yuli da Satumba. Ƙarancin ruwa na cikin dalilan da ake kawowa na ɗauke babban birnin Nijar daga nan zuwa Yamai a 1926. Har yau daga nesa ake jawo shi da bututu, daga Gogo, da Arunguza, da Ganaram, gari kuwa sai daɗa faɗi yake yi. Da bazara wata unguwar takan kwana biyu famfo bai ce uffan ba, sai a koma ga 'yan garuwa da kurarsu.

To, a irin wannan gari ne tattalin ruwa ya zama sana'a, sana'ar da ba a biyan kowa ladanta.

Abu na farko da Gwaggo ta sani shi ne ruwa ba iri ɗaya ba ne. Na farkon da famfo ya tofo, mai jan tsatsa, ba ya kusantar randa. Bokitinsa daban, na bayan gida ne. Sai ya washe tukuna ake cika randar sha, sannan tano, sannan jarkoki. Ran da aka yi sa'a takan tara jarka takwas masu lita 25. Lita 200 ke nan, a gidan mutum goma, lita 20 ga kowa: sha, girki, wanka, wanki, alwala, har da awaki biyu da ba a sa su cikin ƙidaya ba. A 2018, da fari ya matsa wa birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu, an ƙayyade wa kowane mutum lita 50 a rana, duniya ta yi ta jinjina musu. Da na ba Gwaggo labarin, dariya ta yi, ta ce, "Hamsin? Ai su biki suke yi, ɗana."

Ka zauna kusa da ita da hantsi ka ga inda gwanintar take. Gero ya sha surfe, an wanke shi. Wannan farin ruwan, tsari, kai tsaye wurin awaki yake tafiya, a barbaɗa masa dusa. Wanke-wanke yana da jeri kamar sahun salla: kofuna da moɗa a gaba, sai kwanonin tuwo, tukunyar miya a can ƙarshe. Ita ma tukunyar ba ta ganin ruwa sai an goge maiƙonta da toka, don maiƙo shi ne ɓarawon ruwa, ludayi guda na man gyaɗa sai ya ɓata baho guda. Sabulu kuma da awo ake sa shi. Yarinyar da ta tayar da kumfa har gwiwar hannu tana jin ta yi aiki, Gwaggo kuwa ɗauraya uku take hangowa. Ruwan ɗaurayar yau shi ne na wankin gobe. A wanki, fararen kaya ke fara shiga, sai masu launi, sai tsummoki, abin da ya rage a yayyafa wa tsakar gida kafin shara don ƙura ta kwanta.

Akwai iyaka, kuma a nan ne ake gane gwana da mai rowa. Ruwan da aka wanke kashin jariri da shi ba ya yin aiki na biyu. Mai sabulu ba ya zuwa gindin zogale. Na wanke hannu kafin cin abinci sabo ne, zubawa ake yi daga buta, ba a haɗa hannuwa goma a kwano ɗaya. Ta san cewa kuɗin maganin gudawa ya fi kuɗin jarka.

Randar kanta darasi ce. Tata ta Mirya ce, garin da ya yi suna wajen ginin tukwane, nan gabas kaɗan da Damagaram. Jikin randa yana da ƙofofi ƙanana da ido ba ya gani. Ruwa na tsattsafowa ta nan, busasshiyar iska ta kwashe shi, ta tafi da zafin, na ciki ya yi sanyi. Wato sanyin da ruwa ake sayensa. Shi ya sa na sha kawai take zuba wa randa, sauran su zauna a roba da ba ta gumi. Randar tana kan yashi, a inuwa, da faifai a baki, da saiwar jema a ciki don ƙanshi, moɗarta guda ce kuma ba a ajiye ta a ƙasa. In ruwan 'yan garuwa ya zo da gurɓi, ta ɗan kaɗa alif a ciki, ta bari laka ta kwanta, ta tsiyaye na sama ta tace da farin ƙyalle. Alif laka yake kwantarwa, ba ya kashe cuta, don haka na jarirai sai ya hau wuta.

Alwala ma tana da wurinta, gindin lemun tsamin da ke kusurwa. Mutum goma, sau biyar a rana, bishiyar ba ta taɓa jin buta ta musamman ba. In wani jika ya saki bakin buta yana hira, takan tuna masa cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da mudu guda yake alwala, abin da bai kai lita ɗaya ba.

Ranar ruwan farko kuwa, yara sukan ruga da bokitai bakin indararo, ita kuma ta tare su da hannu. Wata takwas soro yana tara ƙura da kashin tattabaru, dole a bar shi ya yi wanka. Tana tsaye a ƙofar ɗaki da mayafi a ka, tana kallon ruwan yana sauka ja, ya koma ruwan ƙasa, ya fara haske. Ta miƙa tafi ta tara, ta duba, ta shinshina.

"To, ku kawo tanon. Ke kuma ciro barguna, ruwan sama ba ya cin sabulu."