Kalmar da Aka Kankare: Sharhi a kan Fim ɗin Abdus Salam

A shekarar 2018 Anand Kamalakar ya fitar da fim na tarihin rayuwar Farfesa Abdus Salam, masanin kimiyyar lissafin halitta ɗan ƙasar Pakistan, wanda ya samu lambar yabo ta Nobel a 1979 tare da Glashow da Weinberg. A cikin sunan fim ɗin, inda kalmar "Musulmi" ya kamata ta zauna, an jera alamomin tauraro. A ganina, duk ƙarfin fim ɗin a wannan gurbi yake, kuma daga nan rauninsa ya samo asali.

Gurbin kwaikwayo ne na dutsen kabarin Salam a garin Rabwa, inda aka binne shi a 1996. Rubutun dutsen ya bayyana shi a matsayin Musulmi na farko da ya ci Nobel, sai hukuma ta sa aka kankare kalmar, domin shi ɗan Ahmadiyya ne. Abin da ya rage yana cewa shi ne mutum na farko da ya ci Nobel, alhali tun 1901 ake bayar da ita. Mai kankarar ya so gyara, sai ya bar magana marar tushe a kan kabari. Kamalakar ya gane cewa wannan tabo ya fi dogon bayani tasiri.

Saɓanin aƙida a nan na gaske ne. Mirza Ghulam Ahmad ya kafa Ahmadiyya a 1889, kuma mafi yawan malamai suna ganin da'awarsa ta ci karo da cikar annabci. Tambayar da fim ɗin ya tayar daban ce: me ke faruwa idan hukuma ta mayar da fatawa dokar hukunta laifi? A 1974, zamanin Bhutto, majalisa ta gyara tsarin mulki ta fitar da 'yan Ahmadiyya daga Musulunci. A 1984 Ziya'ul Haƙ ya ƙara da dokar da ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara uku ga ɗan Ahmadiyyar da ya kira kansa Musulmi, ko ya yi kiran salla, ko ya kira wurin ibadarsa masallaci.

Inda nake ganin fim ɗin ya gaza shi ne yadda ya ɗora nauyin hujjarsa a kan hazaƙar Salam. Mai kallo yana fita da takaicin cewa ƙasa ta wulaƙanta gwarzonta, wanda ya kafa cibiyar bincike a Trieste ta Italiya a 1964 domin masanan ƙasashe matalauta. To, ina matsayin wanda bai ci komai ba? Mutum fiye da 80 da aka kashe a wuraren ibadar Ahmadiyya biyu a Lahore ranar 28 ga Mayu, 2010, ba su da Nobel, amma jininsu da na Salam daraja ɗaya gare su. Idan sai da lambar yabo ake samun kariya, to talaka ya shiga uku.

Duk da haka, fim ɗin ya cancanci kallo. Yana nuna cewa mutum zai iya ƙin aƙidar maƙwabcinsa iyakar ƙi, ya kuma ƙi yarda a ɗaure shi ko a taɓa kabarinsa saboda ita.