Akwatin Jimi da Sunan Baftisma

Yaron da ya ci jarrabawa, aka sa shi mota daga ƙauye zuwa kolej a Maraɗi ko Damagaram ko Yamai, ba ya dawowa hutu yadda ya tafi. Kafin shekara ta zagayo ya sami mawaƙin da yake so, wanda ba a taɓa jin sunansa a gidansu ba. Ya karanta littattafan soyayya na Kano, waɗanda ake aro daga hannu zuwa hannu har bango ya fita. Ya san fadar da ake dafa shayi har tsakar dare, ya kalli fim ɗin Indiya da na Amurka a wayar abokinsa, kuma 'yan ajinsu sun laƙa masa sunan wani ɗan ƙwallo ko wani jarumin fim. Ran Lahadi yana nan a bencin baya na majami'a, amma dattawa suna duban askinsa da wandonsa, suna cewa birni ya cinye shi.

Wannan kuka ba sabo ba ne. Tun shekara ta 1966 wani ɗan Nijar, Moustapha Alassane, ya yi fim a kansa, mai suna Le Retour d'un aventurier da Faransanci, wato dawowar ɗan yawon duniya. Fim ne gajere, rabin awa da 'yan mintoci. Ya cancanci iyaye da masu koyar da katikisma su zauna su gani tare da yaransu, amma ba domin dalilin da aka saba bayarwa ba.

Labarin ba shi da wuya. Wani saurayi, Jimi, ya dawo gida daga Amurka, tsarabarsa kuwa akwati ne cike da kayan kaboyi: malafa mai faɗi, dogayen takalma, ɗamara da bindiga. Ya tara abokansa ya rarraba musu. Kowa ya tuɓe rigarsa ya sa ta aro, kowa kuma ya ɗauki sabon suna. Akwai Black Cooper, akwai Casse-Tout, wato mai fasa kome, budurwar da ke cikinsu kuwa ta zama Reine Christine, wato Sarauniya Kiristin. Daga nan sai hawan dawaki, da caca da karta, da shan giya, da dambe, da taɓa dukiyar mutane. Garin da ya haife su ya rasa yadda zai yi da su. Abin da aka fara da dariya ya ƙare da tashin hankali, har a tsakaninsu su kansu.

Gwanintar fim ɗin tana wurin buɗe akwatin. Mai kallo yana dariya, gama ga samari da ya san irinsu a kowace unguwa suna taƙama cikin tufafin da ba a ɗinka domin zafin ƙasar nan ba. Amma dariyar ba ta daɗewa. Da zarar suna ya sāke, sai tafiya ta sāke, magana ta sāke, yadda ake duban tsoho ma ya sāke. Wanda ake kira mai fasa kome dole ya nemi abin fasawa, in ba haka ba sunan ya zama abin ba'a. Alassane bai sa wani malami ya tsaya ya bayyana wannan ba. Ya bar ido ya gani. A nan ya fi masu wa'azi da yawa, waɗanda sukan faɗi abu sau uku kafin su amince an ji.

Sai a lura kuma da abin da Jimi bai kawo ba. Mutum ya ƙetare teku, ya dawo, amma ba sana'a a akwatinsa, ba littafi, ba labarin yadda mutanen can suke noma ko suke renon 'ya'yansu. Abin da ya kawo shi ne abin da abokansa suka riga suka gani a gidajen silima na Yamai. Shi ya sa ba wanda ya bukaci a koya masa yadda ake zaro bindiga. Amurkar da ke cikin akwatin ta allon silima ce. A waɗannan shekaru ma da yawa daga cikin sabbin fina-finan kaboyi da suka yi tashe, Italiyawa ne ke yin su a hamadar Sifen, kuma wanda Sergio Leone ya yi a 1964, da ya fito da Clint Eastwood, an ɗauko labarinsa daga wani fim na Japan. Aro ne a kan aro.

To, abu mai sauƙi shi ne a ɗauki fim ɗin a mai da shi sanda, a nuna wa ɗalibi a ce, ga ƙarshen mai kwaikwayon baƙi. Kirista na ƙasar nan ya kamata ya yi hankali kafin ya ɗaga wannan sanda, gama kanta biyu ne. Maƙwabta da yawa haka suke ganin ikilisiya: wani ya zo daga ƙetare da akwati, ya raba riguna da sunaye, 'ya'yan mutane suka daina amsa sunan da aka raɗa musu ran suna. Wanda ya ga abin da ya faru a watan Janairu na 2015 ba zai ce wannan zance ne kawai ba. Saboda wani zane da wata jarida ta buga a Faransa aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai, kuma a Damagaram an haɗa har da gidan al'adun Faransa, kamar dai kayan akwati guda ne.

Zargin yana da amsa, amma amsar ba ta goyon bayan sanda. Sunan baftisma ba a ɗaukarsa domin a tsere wa dangi. Wanda aka kira Bitrus ko Maryamu an ɗora masa nawaya ce ta ya ƙara girmama uwa da uba, ba ya raina su ba. Kuma tun da aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa a 1932, sunaye kamar Ibrahim da Yakubu da Dauda suna nan cikinsa yadda maƙwabta suka san su. Bambancin da ke tsakanin sunan Jimi da sunan baftisma ba wai ɗaya daga waje ya zo, ɗaya kuwa na gida ba ne. Bambancin yana ga abin da sunan yake nema daga mai shi. Idan haka ne, sai a yi wa kiɗan ɗalibi da littafinsa wannan tambaya, ba tambayar daga ina suka fito ba. Labarin Dauda ya dace a nan: ya gwada sulken Sarki Saul, ya ajiye, ba domin na wani ba ne, amma domin ya kasa tafiya a cikinsa.

Shi kansa mai fim ɗin shaida ne. An haifi Alassane a 1942, ya fara da aikin kanikanci. Ya koyi riƙon na'urar ɗaukar hoto wurin Bafaranshe Jean Rouch a Yamai, ya tafi Kanada ya ga yadda Norman McLaren yake sa zane ya yi motsi. Shi ma ɗan yawon duniya ne da ya dawo da akwati. Kuma ba shakka shi ma ya ƙaunaci fim ɗin kaboyi, gama wanda bai ƙaunace shi ba ba zai iya ɗaukar sukuwar doki yadda ya ɗauka ba. Amma da ya buɗe nasa akwatin, kwaɗi ya zana suna wasan shugabannin ƙasa a cikin Bon voyage Sim, a wannan shekara ta 1966, daga baya kuma a 1972 ya yi F.V.V.A. a kan ma'aikacin da ke haukan mace da gida da mota da kuɗi. Ya rasu a Wagadugu a 2015. Tsakanin Jimi da Alassane, ba wanda ya zauna a gida ya toshe kunne.

Fim ɗin yana da nasa rauni. Manyan garin suna taruwa suna shawara, amma sai bayan ɓarna ta auku, kuma ba a ga abin da suke da shi da zai riƙe saurayi ba. Ba a ga kuma yunwar da ta sa samarin suka rungumi akwatin da hannu biyu ba. Mene ne suka rasa? Me suke yi da ranakunsu kafin Jimi ya sauka? Fim ɗin ya wuce wannan da sauri, alhali nan ne ciwon yake ga iyayen da suka sayar da tunkiya suka biya kuɗin makaranta. Sautinsa ma, kamar na yawancin fina-finan zamanin, ba ya kama bakin masu magana sosai, ɗan yau zai yi ƙorafi.

Akwai wani abu kuma da ya faru bayan an kashe fitila. Djingarey Maïga, wanda ya fito a Black Cooper, ya zama mai shirya fim na kansa. Zalika Souley kuwa, Sarauniya Kiristin, ta ci gaba da fitowa a fina-finan Nijar, sau da yawa a matsayin macen banza ko muguwa, sai mutanen gari suka ɗauki rigar wasa a kan ita ce matar, suna zaginta a hanya. Ba samari masu malafa suka yi mata haka ba, mutanen kirki ne masu ganin suna tsare tarbiyya. Fim ɗin da Rahmatou Keïta ta yi a kanta, Al'lèèssi, wanda ya fito a 2004, ya same ta a Yamai tana fama da talauci. Ta rasu a 2021.