Dandali Kafin Kyamara: Judi Dench da Tarbiyyar 'Yan Wasan Ingila

Masu kallo da yawa sun fara sanin Judi Dench ne a 1995, lokacin da ta fito a matsayin M, shugabar James Bond, a fim ɗin GoldenEye. Tana da shekara 60 a lokacin, kuma ta riga ta shafe kusan shekara arba'in a kan dandali. Wannan jinkiri shi ne ƙashin bayan al'adar da ta raine ta, inda ake fara gina ɗan wasa a gaban jama'a kafin a kai shi gaban kyamara.

An haife ta a York a 1934. Ta fara sana'a a 1957 da ƙungiyar Old Vic, inda ta fito a matsayin Ophelia a wasan Hamlet, sannan ta shiga Royal Shakespeare Company a 1961. Tsarin irin waɗannan ƙungiyoyi shi ne a riƙe 'yan wasa na tsawon lokaci suna juya wasanni daban-daban. Yau mutum sarauniya ce, gobe baiwa. Da rana ana gwajin wani wasa, da dare ana nuna wani. Da haka ake koyon hadda, da sarrafa numfashi, da kai murya har kujerar ƙarshe ba tare da ihu ba. A 1963 ta biyo ƙungiyar Nottingham Playhouse zuwa Afirka ta Yamma, har da Najeriya, tana fitowa a matsayin matar Macbeth.

Inda aka fi ganin amfanin wannan horo shi ne Macbeth na 1976, wanda Trevor Nunn ya shirya a wani ƙaramin zaure mai suna The Other Place a Stratford. Babu fada, babu kayan ƙawa. Da'ira aka zana a ƙasa, 'yan wasa suka zauna kan akwatuna a gefenta, wanda lokacinsa ya yi ya shigo tsakiya. Ian McKellen ne Macbeth, Dench kuma matarsa. A fitowar da matar ke yawo cikin barci tana goge jinin da babu shi a hannunta, Dench ta saki wani dogon kuka mai fitowa tun daga ciki, ga masu kallo dab da ita. A irin wannan kusanci babu inda ƙarya za ta ɓuya.

Wannan horon ne ya bi ta har fim. Fitowarta a matsayin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya a Shakespeare in Love ba ta wuce kimanin minti takwas ba, amma ta ba ta kyautar Oscar a 1999. Ta san inda za ta yi shiru, ta san kalmar da za ta ɗora wa nauyi. Ko da ciwon ido ya rage mata gani, kamar yadda ta bayyana a 2012, sai ta koma ana karanta mata tana haddacewa da kunne, har aka sake sa ta takarar Oscar saboda fim ɗin Belfast tana da shekara 87.

Al'adar ba ta rasa aibi ba. Shakespeare ya rubuta wasanninsa ne a zamanin da yara maza ke fitowa a matsayin mata, don haka manyan gurabun mata kaɗan ne, na tsofaffi kuwa sun fi ƙaranci. Mata masu baiwa da dama sun ɓace bayan ƙuruciya saboda babu abin da aka tanadar musu.

Abin da ya fi damuna shi ne makarantar kanta ta ja baya. Yawancin gidajen wasa na garuruwan Ingila sun daina riƙe 'yan wasa na dindindin, sai dai a ɗauki mutum don wasa guda a sallame shi. Matashiya a yau na iya yin suna a talabijin kafin ta taɓa jin yadda zaure ke amsa mata. Wanda ke son wata Dench nan gaba, dole ya biya kuɗin shekarun da ake yi ana koyo ba tare da suna ba.