Rinjin Karo da Daɗin Zaman Karkara: Sharhi a Kan Labarin Baba

Daga ƙarshen shekarar 1949 zuwa farkon 1950, a garin Giwa ta ƙasar Zazzau, wata tsohuwa da ake kira Baba ta ba Mary Smith labarin rayuwarta da Hausa. An buga fassararsa da Turanci a Landan a 1954, shekara uku bayan rasuwarta. Wannan maƙala za ta duba abu guda ne cikin littafin, wato yadda aka zana gidan gona na zamanin da.

Gidan da Baba ta taso a cikinsa, a Karo kusa da Zarewa, rinji ne na kakanninta. Ba ta tsaya siffanta gini ba. Ta bakin aiki mai karatu yake ganin gidan. Ga daka da surfe, ga kaɗin zare, ga abincin da ake kai wa gona, ga bikin suna da na aure. Kusan duk inda ta ambaci wuri, to da mutum a ciki yana wani abu. Wannan shi ne sirrin armashin littafin, domin ido ne na mace daga cikin gida, inda baƙon namiji iyakarsa zaure.

Sai dai daɗin nan yana da tushe wanda bai kamata a rufe ido a kansa ba. Rinji mazaunin bayi ne. Su ne ke noman gandu daga hantsi zuwa azahar, sa'an nan kowa ya wuce gayaunarsa. 'Ya'yansu, wato dimajai, sukan tashi tare da 'ya'yan gida, ana kiran juna da sunayen zumunta, amma kowa ya san matsayinsa. Ga kuma tsoron mahara, wanda kan kori mutane zuwa cikin ganuwa, har akan fanshi wanda aka kama da wuri. Bayan zuwan Turawa, da bayi da yawa suka watse, ƙarfin rinjin ya tafi da su.

Ƙwarewar Baba ita ce ta faɗi biki da bauta da murya ɗaya, ba ado, ba neman uzuri. Raunin littafin kuwa shi ne, muryar ta 'yar masu gida ce. Bawan da ya riƙe garma ba a ji ta bakinsa ba. An ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, to tasa waƙar ba ta zo ba.

Saboda haka malamin da zai karantar da wannan littafi ya kamata ya haɗa wa ɗalibansa tambaya biyu: me ya sa gidan ya yi daɗin zama, kuma gumin wa ya cika rumbunansa?