Kwalejin Katsina da Batun Koyarwa bisa Al'adun Ɗalibai

Tun 1995, sa'ad da Gloria Ladson-Billings ta Amurka ta bayyana ra'ayinta cewa koyarwa ba ta kama jiki sai ta dace da al'adun ɗalibi, masu bincike suka duƙufa a kan wannan batu. Da yawansu hanya guda suke bi, watau a ɗauko ma'aunin Amurka, a raba wa ɗalibai takardun tambayoyi, a ƙidaya amsoshi. Aibin hanyar kuwa shi ne, an tsara ra'ayin nan domin 'ya'yan baƙar fatar Amurka, waɗanda Ingilishi ne harshensu gida da makaranta. Malamin Katsina tasa matsalar dabam ce.

Ga misali nan a gida. Kwalejin Katsina ta fara aiki a 1921, Gwamna Clifford ya buɗe ta a 1922, zamanin Sarki Muhammadu Dikko. Ginin ƙasa aka yi mata irin na Hausa, ɗalibai suna sanye da riga da hula, ana koya musu Larabci da addini, amma sauran darussa da Ingilishi ake yi. Makarantar da Ɗan Hausa ya kafa a Nassarawa ta Kano a 1909 kuwa da Hausa ta koyar. To, wace ce ta fi girmama al'ada, mai riƙon tufafi ko mai riƙon harshe?

Amsar ba ta da sauƙi. A gasar ƙaga labarai ta 1933, Abubakar Imam mai Ruwan Bagaja da Abubakar Tafawa Ɓalewa mai Shaihu Umar duk tsofaffin ɗaliban kwalejin ne, Bello Kagara mai Ganɗoki kuma malaminta ne. Lalle ba a ajin Ingilishi suka sami wannan Hausa ba. Imam da Bello 'ya'yan malami ne, sun taso inda ake karanta littafin Larabci ana fassara shi da Hausa kalma kalma.

Wannan hanya ta zaure, a garin Ɗan Marina da Ɗan Masani na ƙarni na 17, ita ya kamata bincike ya fuskanta: yadda harshe biyu ke haɗuwa a darasi guda ba tare da ɗaya ya danne ɗaya ba. Muddin kwalejojin horon malamai ba su nazarce ta ba, za su yi ta yaye malamai masu yabon al'ada da baki, alhali suna hana yaro tambaya da harshen uwarsa.