Linux a kwamfutar gida: kyauta ne, amma wa zai gyara?

Ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya daina aika wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na yau da kullum. Shawarar da ya ba jama'a ita ce su koma Windows 11. To amma Windows 11 yana da sharuɗɗa: yana neman wata na'urar tsaro a cikin kwamfuta mai suna TPM 2.0, kuma mafi yawan ƙwaƙwalwar Intel da suka girmi zubi na takwas, wanda ya fara fitowa a 2017, ba ya karɓarsu. Ka duba laftof ɗin hannu da suka cika kasuwanninmu, irin su HP EliteBook 840 G3 da ThinkPad T450 da Dell Latitude E7450. Lafiyarsu ƙalau, suna aiki, amma duk an bar su a bayan ƙofa.

Wannan ne ya farfaɗo da tsohuwar maganar nan: "Ku koma Linux mana, ai kyauta ne." Mun ga ya dace mu auna maganar, mu ga ko ta dace da malamin makaranta, ko ɗaliba mai rubuta furojet, ko magidancin da ke kallon wa'azi da ƙwallo a YouTube.

Mene ne Linux ɗin ma?

Kowace kwamfuta tana da babbar manhajar da ke tafiyar da komai, ita ke haɗa allo da madannai da ma'ajiyar fayiloli, sauran manhajoji kuma a kanta suke hawa. Windows irinta ce, macOS ma haka. Shi Linux, wani ɗalibin Jami'ar Helsinki da ke Finland, Linus Torvalds, ya fara rubuta zuciyarsa a 1991, aka haɗa da kayan aikin shirin GNU da Richard Stallman ya assasa a 1983. Lasisinsa ya ba kowa dama ya sauke, ya duba yadda aka rubuta shi, ya gyara, ya raba wa wasu.

Shi ya sa yake da iri-iri. Ubuntu, wanda kamfanin Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya fitar a 2004, ya fi shahara. Linux Mint, da ya fito a 2006 kuma aka gina shi a kan Ubuntu, ya fi kama da Windows a ido, don haka da shi za mu yi awo.

Ingancin Linux ba abin musu ba ne. Wayarka ta Android a kan zuciyar Linux take, kuma tun 2017 manyan kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya duk shi suke amfani da shi. Amma a kwamfutocin tebur da laftof, ƙididdigar StatCounter ta nuna sai a 2024 ya samu ya haura kashi 4 cikin 100. Abin da ya dace da ɗakin bincike ba lallai ya dace da falo ba.

Inda ya yi abin a yaba

Na farko, yana raya tsohuwar kwamfuta. Linux Mint yana iya tashi da RAM gigabait 2, ya kuma sake jiki da gigabait 4, sannan Mint 22 zai ci gaba da samun gyaran tsaro har 2029. Ga wanda ba shi da kuɗin sabuwar laftof, wannan shekaru ne na ƙarin amfani.

Na biyu, cutar fulash. Duk wanda ya taɓa kai fulash shagon buga takardu ya dawo ya tarar fayilolinsa sun ɓace ya san zancen. Irin waɗannan bairos ɗin don Windows aka rubuta su, ba sa tashi a Linux. Haka kuma manhajoji daga rumbu guda da ake sa wa ido ake sauko da su, kuma ba a taɓa cikin tsarin sai an saka kalmar sirri. Sai dai a kula, wannan ba ya hana ɗan damfara ya turo maka shafin banki na bogi ka zuba bayananka da hannunka.

Na uku, aikin yau da kullum. Firefox da Chrome da VLC da Zoom da Telegram duk suna nan. WhatsApp kuwa ta burauza ake shiga. Har ma akwai tsarin madannai na Hausa, na Najeriya da na Gana, da zai ba ka ƙ da ɗ da ɓ. Wanda duk harkarsa a intanet take, bayan kwana biyu zai manta ma da ya sauya.

Inda maganar "kyauta" ta yi rauni

Mu faɗa wa juna gaskiya: mutum nawa ne a cikinmu ya taɓa cire kuɗi ya sayi lasisin Windows? Ko dai kwamfutar ta zo da shi, ko mai gyara ya ɗora wanda aka fasa, haɗe da Office da sauran tarkace, a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Saboda haka a aljihu, Linux bai rage wa irin wannan mutumin komai ba. Ribarsa ta gaskiya ita ce ya rabu da manhajar sata, wadda ba wanda ya san abin da aka cusa a cikinta. Hujja ce mai ƙarfi, amma ta tsaro da halacci ce, kuma masu tallar Linux sun fi son su tsaya a kan araha.

Sai batun manhajojin sana'a. Babu Microsoft Office na ɗorawa a Linux, babu Photoshop, babu CorelDRAW, babu AutoCAD. Za a ce maka ai ga LibreOffice da GIMP da Inkscape, kuma gaskiya suna aiki. Amma mai zanen katin biki da kalanda da ya shekara goma a CorelDRAW, wanda kuma maɗaba'ar da yake kai wa aiki fayil ɗin Corel take karɓa, ba shi da lokacin koyon sabon abu alhali kwastoma na tsaye a kansa.

Ɗalibai ma su lura. LibreOffice yana buɗe fayil ɗin Word ya kuma adana shi, amma sau da yawa jadawali na gocewa, shafuka su ƙaru ko su ragu. Wani ɓangare na dalilin shi ne salon haruffa irin su Calibri da Times New Roman mallakar wasu kamfanoni ne, ba sa zuwa tare da Linux, sai a musanya su da masu kama da su. Idan bugawa kawai za a yi, mai da shi PDF ya kashe magana. Idan kuwa malami zai yi gyara a ciki ya dawo maka da shi, kai ma ka mayar, to akwai ciwon kai.

Babbar matsalar: ranar da abu ya lalace

A nan ne muke ganin hukuncin yake. Yawancin laftof suna karɓar Linux lami lafiya, firintocin HP da dama ma haka. Amma wata kwamfutar, musamman mai katin Wi-Fi na Broadcom, sai ka gama ɗorawa ka ga babu intanet, kuma maganin yana intanet ɗin. Wata kuma batirinta ya riƙa saurin ƙarewa, wanda a inda wuta ba ta tsayawa ba ƙaramin abu ba ne.

Mai Windows idan ya maƙale, ƙaninsa ko maƙwabcinsa ko kowane shago a kasuwar waya zai duba masa. Mai Linux kuwa, akasari abin da zai ji shi ne, "Kawo mu mayar maka da Windows." In ya ce zai nemo amsa da kansa, zai tarar da ita cikin Turanci, ana ce masa ya buɗe baƙin allo ya rubuta umarnin da bai san ma'anarsa ba.

Ko manyan hukumomi sun ɗanɗana wannan. Birnin Munich na Jamus ya yanke shawarar komawa Linux a 2003, ya ɗauki kimanin shekara goma kafin ya sauya kwamfutoci kusan 15,000, sannan a 2017 majalisar birnin ta ƙada ƙuri'ar komawa Windows. Har yau ana gardama kan ko siyasa ce ko matsalar aiki. A gefe guda, jihar Schleswig-Holstein ta sanar a 2024 cewa za ta mai da kwamfutoci kusan 30,000 kan LibreOffice da Linux. Abin lura shi ne duka biyun suna da ma'aikatan da aikinsu ke nan. Gida ba shi da su.

To wa ya dace da shi?

Idan kwamfutarka ta tsufa, aikinka bai wuce burauza da kallo da ɗan rubutu ba, kuma kana da mutum ɗaya da za ka kira in ta rikice, Linux Mint ya fi maka zama a kan Windows 10 da ba a toshe ɓarakarsa. Idan abincinka ya rataya a kan wata manhaja ta Windows, ka zauna inda kake, ka fara tarin kuɗin kwamfutar da za ta ɗauki Windows 11.

Wanda ke tsakiya kuwa, gani ya kori ji. Ana iya ɗora Mint a fulash mai gigabait 8, a tayar da kwamfuta daga kansa ba tare da an taɓa Windows ba. Saukewar za ta ci data kusan gigabait 3. Ka gwada Wi-Fi da sauti da kyamara da firinta, ka buɗe fayil ɗin da ya fi maka muhimmanci ka ga yadda ya fito. In komai ya tafi daidai, ka kwafe hotunanka da takardunka zuwa wani wuri tukuna, sannan ka ɗora. Kuma kar ka yi wannan gwajin ana saura mako guda ka miƙa furojet, ba a fafe gora ranar tafiya.